Sada Ya Zama Jakada

Adis Ababa, ƙasar Habasha
12 ga Mayu, 1941

Daga Kofur Sada Furana zuwa ga taubashina Maiwada, malamin awon auduga a kasuwar Makarfi.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka Bilki da yara, da wannan tumbin naka da bai san fari ba. Ka hau kekenka ka je Furana ka gaishe mini da Inna, ka karanta mata takardar nan a hankali, ban da ƙarin gishiri. Ka ce mata ƙafata ta warke, kuma ƙaya ce, ba harsashi ba.

Bayan haka, yaƙi ya lafa a nan. Mun kori sojan Italiya tun daga bakin teku har tsakiyar duwatsu, suna gudu muna bin su a mota har muka gaji da zama. Garin nan sanyi gare shi kamar cikin randa. Abincinsu kuwa wani faifai ne mai tsami, kamar sinasir ɗin da ya kwana uku.

Babban labari shi ne an raba mana aiki. Ni an naɗa ni ▇▇▇▇▇▇▇▇▇▇▇▇ jakada▇ ▇▇▇▇▇. An ba ni farar ɗamara da farar safar hannu, an ce kullum in kasance fes. Gidan bene ne, da tuta a samansa, kuma ba mai shiga sai da izinina. Shekaranjiya wani Manjo Bature ya zo, na tsayar da shi a rana har ya yi ja.

Yaya batun fadamar Inna? Tanko ya janye shingen da ya turo cikinta kuwa? Abin yana raina.

Wassalam. Ubangidanka,
Sada

*

Makarfi
20 ga Yuli, 1941

Ranka ya daɗe, Jakada!

Gaisuwa irin ta talaka ga mai mulki. Muna lafiya, damina ta yi kyau, Goggo Mero tana nan garau. Maganar tumbina na yafe, manya ba sa laifi.

Takardarka ta zo da wani wuri an shafe shi da baƙar tawada. Na ɗaga ta a rana, na leƙa ta baya, ban ga kome ba. Amma mai hankali ba sai an tauna masa ba. “An naɗa ni” yana nan, “jakada” yana nan, abin da ke tsakani kuwa na san sirrin mulki ne, ba na idon malamin auduga ba.

Ran Juma'a na isa Furana na karanta a ƙofar gidanku, gari ya taru. Ka san tsofaffinmu sun san jakada, shi ne wanda a da in ya sauko daga Zariya kaji ke ɓuya da kansu. To, balle jakadan Sarkin Ingila! Da na zo wurin da ka shanya Manjo a rana, mata suka ɗauki guɗa, wani tsoho ya ce in maimaita, na maimaita sau uku. Goggo kuwa tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Ta ce in sake karanta mata ƙarshen takardar. Na sake. Ta ce, “To,” ta ci gaba da gyaɗarta. Farin ciki ne ya ɗaure mata baki.

Maganar Tanko ta mutu. Washegari tun kafin rana ta ɗaga ya tumɓuke shingen da hannunsa, ya mai da shi inda yake, har ya ƙara taku biyu cikin gonarsa don kada a yi kuskure. Ya aiko wa Goggo zakara, ya ce duk abin da ya faru sharrin shaiɗan ne. Dattawan da bara suka ce sun manta inda iyakar take, yanzu duk sun tuna. Goggo ta bi da su fadamar ɗaya bayan ɗaya suna nuna mata a gaban jama'a. Ta shuka shinkafa har bakin rafi.

Ga koke-koken talakawanka. Lado na Janfalan an sace masa jaki, yana roƙo ka sa baki. Wani mutumin Kudan an haifa masa ɗa namiji, tuni ana kiran yaron Jakada. Ni kuma ba na roƙon kome sai tayar keke, don tun da aka fara yaƙin nan babu ita ko a Zariya, tsumma nake cusa wa tawa. In kuma kana neman magatakarda, ka dai ga rubutuna.

Baranka mai biyayya,
Maiwada

*

Adis Ababa
28 ga Satumba, 1941

Zuwa ga Maiwada.

Gaisuwa. Ina lafiya, ko in ce ina lafiya har takardarka ta iso. Na karanta ta a tsaye, sai da na nemi bango na jingina.

Maiwada, Allah ya shirye ka! Abin da na rubuta shi ne an naɗa ni shugaban ’yan sojan da ke gadin ƙofar jakadan wata ƙasa. Hafsanmu ke duba takardu kafin su tafi, shi ya shafe yawanmu da sunan ƙasar don kada maƙiyi ya gani. Gadi nake yi, gadi! Irin na Sa'idu mai tsaron rumbun auduga, sai dai shi yana da kujera.

Bari in faɗa maka irin mulkin da nake ciki. Ƙasar jakadan nan ba ta cikin yaƙi, don haka ita aka ba amanar mutanen Italiya da suka rage, mata da yara da tsofaffi, wasunsu ma suna fake a gidansa. Ingilishi suka ce dole a tsare gidan. Jakada ya ce cikin katangarsa ƙasarsu ce, sojan wani ba zai taka ba. Habasha suka ce titi nasu ne, yanzu suka rabu da baƙin soja, ba wanda zai sake tsaya musu a kai da bindiga. Manya suka zauna kwana goma sha tara suna shan gahawa. Daga ƙarshe aka kawo farar ƙasa aka ja layi biyu a bakin ƙofa, tsakaninsu taku ɗaya. Nan ciki muke tsayawa. Gaba Habasha, baya ƙasar jakada.

Batun bindiga ma an zauna. Jakada ya ce ba ya son harsashi a ƙofarsa, Ingilishi suka ce soja ba ya tsayawa hannu rabbana. Aka raba gardama: bindiga a hannunmu, harsashi a akwati, akwatin a cikin gida, inda ba mu da izinin shiga.

Bayan gida ma a ƙasar jakada yake. Duk mai son zagayawa sai ya ajiye bindiga an buga masa hatimi a takarda. Gambo, wani ɗan Kudan da ke cikinmu, ya ci faifan nan mai tsami ya ɓata masa ciki, ran nan sau tara yana ƙetare iyaka. A na ƙarshe bai jira hatimi ba, sai da aka rubuta wa babban ofis takardar ba da haƙuri.

Salla kuwa, a nan alƙibla arewa take, wato wajen gidan. In muka yi sujada goshinmu ya faɗa ƙasar jakada. An zauna kwana biyu a kan wannan, aka yanke cewa yarjejeniya ƙafa ta hana, ba ta ambaci goshi ba.

Jakadan kansa wani dogon tsoho ne siriri, muna ce masa Zalɓe. Kiwon zuma yake a can bayan gidansa, kuma kowace safiya sai ya ɗaga mana malafa. Manjon da na tsayar, takardar shiga ce ba shi da ita, ba wani abu ba.

Bataliyarmu ta tafi tun watan jiya, mu an bar mu, domin har yau ba a daidaita kan wanda zai canje mu ba.

Ka je Furana ka karanta wannan a inda ka karanta waccan. Ka ce wa Lado ya nemi jakinsa a kasuwar Ikara. Taya kuwa, ka ci gaba da tsumma.

Sada mai gadi

*

Makarfi
30 ga Nuwamba, 1941

Kai, mai gadi.

Muna lafiya, sai dai ni abinci ya daina yi mini daɗi, Bilki har ta fara rage mini ɗinkin wando.

Wallahi na tafi Furana da niyyar faɗin gaskiya. Na tarar da Goggo a fadama, shinkafa ta sunkuyar da kai, abin gwanin sha'awa. Ga Tanko can gefe ya tsuguna yana gaishe ta, “Sannu da aiki, uwar Jakada.” Ka faɗa mini, wane baki zan buɗe?

Na dai karanta, amma na yi mata sassabe. Na ce manyan ƙasashe uku sun zauna kwana goma sha tara a kan inda za ka tsaya. Ƙarya ne? Na ce an yanka maka ƙasa taka ta kanka, mai iyaka da Habasha. Faɗinta kawai ban faɗa ba. Na ce wani babban Bature kullum sai ya cire maka malafa. Aka sake guɗa. Goggo ta dube ni, ta daɗe tana dubana, ta ce, “To.”

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Wani soja, Sama'ila na Kudan, an sallamo shi saboda rauni a hannu. Ran kasuwar Makarfi aka tambaye shi labarin Jakada, ya ce, “Wane jakada? Sada? Ai na baro shi a ƙofar wani gida a kafe kamar turke.” Kafin la'asar maganar ta kai kunnen Tanko. Yanzu ya kai ƙara wurin alƙali a Ikara, wai an tsorata shi da ƙarya an raba shi da gonarsa. Za a zauna bayan an gama girbi, kuma an ce in zo da takardunka malamin kotu ya karanta da kansa.

Sada, ka san abin da wannan ke nufi. Goggo za ta rasa fadama, ta sha kunya a tsufanta. Ni kuma wa zai sake yarda da awon mutumin da ya kasa karanta layi ɗaya? Don girman zumunci ka roƙi Zalɓen nan ya ara maka malafarsa da kujera, a ɗauke ka hoto ka aiko. Ko kuwa ka yi wani abin kirki a naɗa ka da gaske. Sauran mutane yaya suke yi?

Naka cikin damuwa,
Maiwada

*

Adis Ababa
25 ga Janairu, 1942

Zuwa ga taubashina Maiwada.

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni ma lafiya, kuma yanzu na san darajar wannan kalma. Hoto ba zan aiko ba. Ka saurari abin da ya same mu ran Alhamis ta makon jiya.

Da hantsi sai ga mayaƙan Habasha sun sauko daga duwatsu sun cika titi, gashinsu buzu-buzu, kowa da bindiga, tasu kuwa da harsashi. Wani tsoho mai furfura ke gabansu. Sun ji labarin akwai wani tafinta, ɗan ƙasarsu, da ya yi wa Italiya aiki, yana ɓoye a gidan. Tsohon nan ’ya'yansa biyu aka kashe, kuma ya ce tafintan ne ya nuna gidansu. Aka buga waya bariki, waya ta mutu. Ina jin kukan yara a bayana cikin gida.

Zalɓe ya fito da malafarsa ya tsaya a bakin layinsa. Tsoho ya tsaya a bakin nasa. Ni ina tsakiya, numfashin kowannensu yana dukan fuskata. Ba mai jin harshen wani. Allah ya taimake mu akwai wani Musulmi a cikin mayaƙan mai jin Larabci, ni kuma ka san ɗan Larabcin da na tsinta a zauren Malam kafin in gudu soja. Sai ya zama Zalɓe ya faɗa mini da Turanci, in juya wa Musulmin da Larabci, shi ya juya wa tsoho.

Zalɓe ya zaro takarda ya yi ta karanto dokokin da ƙasashe suka sa wa hannu, sashe kaza, layi kaza. Ya gama ya dube ni. Na ce wa Musulmin, “Ya ce sannunku da zuwa.” Tsoho ya daka tsawa ya ce in ba a fito da mutumin ba zai ƙone gidan. Zalɓe ya ce me ya ce? Na ce, “Ya ce sun sha tafiya, suna jin ƙishirwa.” Nan da nan ya sa a dafa gahawa.

Sai tsohon ya bar Zalɓe ya juyo kaina. Ya ce, “Kai baƙin mutum kamar ni, me ya kawo ka daga ƙasarku ka tsare mini maƙiyi?”

Ban san lokacin da na ce, “Baba, tun ina yaro na san sunan ƙasarku. Malaminmu ya faɗa mana, da aka matsa wa sahabbai a Makka nan suka gudo. Aka biyo su da kyaututtuka a ba da su, sarkinku ya ce ba ya ba da wanda ya fake da shi. Saboda wannan har yau a garinmu ba a ambaton Habasha sai da alheri.” Na buɗe bindigata na miƙa masa ya gani. Na ce, “Ba kome a ciki. In ka taka layin nan ba abin da zan iya yi maka. Sai dai in na koma gida a tambaye ni, in faɗi abin da na gani.”

Tsoho ya karɓi bindigar ya leƙa, ya girgiza ta, ya sake leƙawa. Ya ce wa ya tsayar da ni gadi da sanda? Na ce manya ne, kuma sai da suka yi kwana goma sha tara suna shawara. Ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, mutanensa suka kama. Yana cikin dariyar sai na ga hawaye, ya kira sunayen ’ya'yansa biyu, ya zauna a ƙasa. Yana nan zaune har gahawa ta iso.

Daga nan na daina gyara wa kowa magana, na juya ta yadda take. Aka daidaita za a kai tafintan gaban alƙalan Habasha a yi masa shari'a, Zalɓe yana zaune yana gani, ba za a miƙa shi ga taro ba. Suka sha gahawa kowa a ƙasarsa, ni ke miƙa finjali.

Sakamakona: hafsanmu ya yi mini faɗa don na tona asirin bindigar gwamnati, Zalɓe kuma ya ba ni kwalbar zuma. Ina nan kofur. An ce za a sake zama a kan batun harsashi.

Ka kwashi takarduna duka ka kai wa alƙali. Wannan kuwa ka karanta wa Inna daga farko har ƙarshe. In ka tsallake layi ɗaya, ban yafe ba.

Sada

*

Kudan
2 ga Afrilu, 1942

Daga Mero ta Furana zuwa ga ɗanta a Habasha. Ni Malam Usmanu na Kudan nake rubutawa, yadda ta faɗa haka na sa.

Ta ce tana gaishe ka, tana lafiya, sai ciwon gwiwa da ka sani. Ta zo Kudan suna, ta ce gara ta ba ni rubutun, don alƙalamin Maiwada yana da ƙari.

Ta ce: Kai da ɗan ƙanena duk kun ɗauka ban san kome ba. Tun ranar farko na sani. Jakada zai rubuto yana tambaya ko Tanko ya janye shinge? Ai dogari zai aiko. Shi kuma Maiwada tun yana yawo ba wando, in zai yi ƙarya sai ya yi gyaran murya. A takarda ta biyu na ƙirga masa har bakwai.

Ta ce: Ni ban taɓa ce wa kowa kai jakada ne ba. “To” na ce. Fadamar ta ubanka ce, kowa ya sani, tsoron bakin Tanko ne ya sa dattawa mantuwa. Da wani tsoron ya zo ya kori wancan, sai na yi maza na bi da su suka nuna iyaka a gaban mutane. Abin da dattijo ya faɗa a gaban jama'a ba ya iya lashe shi a gaban alƙali.

Ta ce: An yi shari'a a Ikara. An karanta takardunka duka. Da aka zo wurin goshi da ƙafa sai da alƙali ya rufe baki da rawani. Ya tambayi Tanko, “Wa ya ce ka cire shingen?” Ya ce ba kowa. “Wa ya sa ka ƙara taku biyu?” Ya ce nan ma ba kowa. Dattawa suka ba da shaida, aka tabbatar mini da fadama. Taku biyunsa na mayar masa, ba na cin haram. Zakaran dai an riga an cinye.

Ta ce: Maiwada bai rasa aikinsa ba. Alƙali ya ce lambar awo ba ta da wurin ƙarin gishiri, ya tsaya a kanta. Ni kuma na sa shi dashen rake kwana huɗu, yana yi yana nishi. Yaron Kudan da ake kira Jakada ya fara rarrafe, sunan ya bi shi.

Ta ce: Yanzu faɗa. Wa ya ce ka nuna wa mai fushi bindigarka ba kome a ciki? Haka ubanka yake, ya shiga tsakanin bijimai biyu yana ba su haƙuri. Kada ka ƙara. Ka tsaya inda aka ajiye ka, ka yi sallarka, in manyan sun gama shan gahawarsu ka kamo hanya. Zumar kada ka ba kowa, tana maganin gwiwa.

Iyakar maganarta ke nan. Sauran nawa ne, ni Usmanu.

Takardarka ta ƙarshe tana ƙulle a bakin zanenta. Sau uku ta sa na karanta mata wurin da ka amsa wa tsohon nan. Da na zo rubuta bayan ambulan na tambaye ta sunan da zan sa, ta ce ai na sani, ina aka taɓa jin uwa ta kama sunan ɗan fari? Na rubuta. Ta ce in nuna mata inda yake. Na nuna. Ta ɗora yatsa a kai, ta daɗe ba ta ɗauke ba, sannan ta ce, “Ashe ɗan wannan rubutun ne duka?”

Allah ya dawo mana da ku lafiya, amin.